Yadda na je kallon wasa a Legas, kuɗina sunka maƙale tun ban ga dandamali ba

Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta Runjin Sambo ke damuna da tambaya wai mi na gano a Ikko ban da albasa, kullum in na faro labarin sai wani ya katse ni da gardamar ƙwallo, to yau dai bari in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya karanta in huta.

Asali ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Kawuna ya loda albasa zuwa kasuwar Mile 12 cikin Disamban 2024, kuɗi sunka maƙale hannun mutanen da anka ba kaya, yace in bi sawu tunda ni ka riƙe mashi littafin lissafi. Na shiga mota munka bi Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, munka ƙetare gadar Jebba, Ilori, Badun, kafin mu isa ƙafafuna sun kumbura awa an hura. Na sauka Agege wurin tobashina, ɗan gwaggona, wanda ya daɗe can shina sayar da kayan waya a Ikeja. Maganar kuɗin albasa anka ce sai bayan mako guda. To mako guda ina zaune ɗaki ina kallon fanka?

Shi ya kawo maganar. Yace “Baƙauye, ka zo garin da ake wasa bisa dandamali da mutane masu rai, ba a waya ba, ka koma Sakkwato ba ka gani ba? Wallahi har Gwaggo sai na gaya ma.” Nace ai mu ma muna da kallo, ko ya manta dambe da kokawa. Yace wanga daban ne, kuma tikitin ma ba a ƙofa za mu saya ba, tun yanzu za mu saya a waya don Disamba ne, 'yan ƙasar waje duk sun dawo hutu, kujeru na ƙarewa.

Nan na fara shan mamaki. Mu a gida in ana dambe ba ka buƙatar sanarwa, kalangu za ka ji ka bi sautin, ka miƙa kuɗinka bakin ƙofa a yago maka 'yar takarda ka kutsa, in ka makara ka tsaya baya ka yi ɗage. Can kuwa sai da munka shiga shafin masu wasan a Instagram, munka latsa wani link ya kai mu inda ake sayarwa. Wurin sunanshi Terra Kulture, a Victoria Island, wata mata ce Bolanle Austen-Peters ta kafa shi, ɗakin wasan nasu na cin mutum wajen 400. Za ka zaɓi rana, ka zaɓi lokaci, akwai na ƙarfe 3 na rana akwai na dare, sannan ka zaɓi aji, na talakawa ko na manya. Mun ɗauki na rana saboda komawa Agege, kuma ba sai na faɗa maku ajin da munka ɗauka ba. Ko shi ɗin da na ga kuɗin mutum biyu sai da na lissafa tiya nawa ta gero zai saya, tobashina yace in daina wanga lissafin ko mu fasa.

Sai anka ce in sa suna da imel. Imel ɗin nan tun ranar da mai shagon waya ya buɗe mani shi ban sake waiwayarshi ba, fasuwod kuwa sai Allah. Mun ɓata kusan rabin awa kafin mu dawo da shi ta lambar waya. Daga nan biya. Na zaɓi taransifa, sunka ba ni wata lambar asusu ta wucin gadi da agogo na ƙirga mintuna a ƙasa, wai in lokacin ya cika lambar ta mutu. Na tura. Bankina ya cire kuɗi nan take, alat ya shigo garau, amma shafin na ta juyawa, juyawa, ni ina kallon agogon nan na sauka har ya kai sifili. Ba tikiti, ba kuɗi. Ba laifin masu wasa ba ne, kuɗin ko isa wurinsu ba su yi ba, netwok ɗin bankina ne ya riƙe su a hanya, irin abin nan da duk ɗan kasuwa ya sani. Na kira layin banki wata murya ta yi ta ce mani in latsa ɗaya in latsa biyu har katina ya ƙare. Nace shi kenan Allah bai nufa ba. Tobashina yace ina, ya ciro katinshi ya biya, minti guda bai cika ba tikiti ya faɗo cikin imel ɗina, da wani zane mai kusurwa huɗu mai ɗigo-ɗigo baƙi wanda za su haska da na'ura a ƙofa. Yace in yi sikirinshot tun yanzu, kada in dogara da data ranar. Wagga shawara ta yi rana, ku riƙe ta.

Ranar Asabar ƙarfe 10 na safe ya tashe ni wai mu shirya. Nace wasan ƙarfe 3 ne fa. Yace “Kai dai sa takalmi.” Na sa farar shadda da hula, na ɗauka zai yi mani dariya, sai yace a'a haka ya fi, mutanen Legas na ganin girman mai manyan kaya, shi da ya sa wando jins ma sai ya koma kamar yarona.

Daga Agege munka shiga danfo, motocin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin layi, kwandasta na lilo bakin ƙofa shina ihu kowa ya shigo da canjinshi. Ni dai sunana ya koma “aboki” tun daga nan har dare. Oshodi munka sauka munka canza mota zuwa Obalende, ta gadar Third Mainland. Jama'a gadar nan abin kallo ce ita kanta, kusan kilomita 12 bisa ruwa, zamanin Babangida anka buɗe ta a 1990, kana tahiya kana hango gidajen Makoko a tsaye bisa sanduna cikin ruwa da kwale-kwale na yawo tsakaninsu. Na tuna yadda muke cika baki da gulbin Rima in ya kawo da damina, na yi shiru. Tsakiyar gadar gosulo ya kama mu, ba gaba ba baya, zuhwa ta jiƙa shaddar da na sha wahalar gugewa, a nan na gane dalilin fitowar ƙarfe 10.

Obalende munka yi Azahar, don nan akwai 'yan uwa sosai, ka ji Hausa ta ko'ina, har na samu shinkafa da wake da mai da yaji. Nace to mu hau kabu-kabu mu ƙarasa. Yace babu, gwamnatin jihar ta hana babura ɗaukar fasinja a wanga yankin tun 2022, ko ka ga mai yi a ɓoye kada ka hau, in an kama har kai fasinja ba ka tsira ba. Sai mota munka kira ta waya. Tazarar da a Sakkwato ba ta wuce daga Gawon Nama zuwa Arkilla ba ita ta ci mana kusan minti 40.

Biyu da rabi saura kaɗan munka isa layin Tiamiyu Savage. Wurin ba ɗakin wasa kaɗai ba ne, akwai gidan abinci, akwai wurin littattafai, akwai inda anka rataye zane-zane ana sayarwa, na leƙa farashin wani na dawo da baya a hankali. Bakin ƙofa wata yarinya da na'ura a hannu ta ce in nuna tikiti, data kuwa ta ƙi motsi kamar yadda tobashina ya faɗa, na buɗe sikirinshot, gilashin wayata a tsage yake sai da ta ce in ƙaro haske sannan abin ya yi ƙara ɗit, ta ce mu shiga. Duk wahalar kwana uku ɗit ɗin nan ce ƙarshenta.

Ciki sanyin esi kamar tsakiyar hunturu, kujeru a jere suna hawa sama-sama yadda kan wani ba ya tare ma wani. Anka yi sanarwa kowa ya kashe ƙarar waya, ba ɗaukar bidiyo. Na sa tawa a shiru na tura aljihu ina jin na gama da ita. Sai fitilu sunka mutu gaba ɗaya, duhu ƙirin, har na dafa aljihuna don halin gari, sai kiɗa ya tashi.

Wasan irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa ne, Turanci da buroka da Yarbanci a cakuɗe, in na ce na fahimci rabi na yi ƙoƙari. Amma ba maganar ce ta kama ni ba. Abin da ya kama ni babu “a sake”. Mu da munka saba da fim mun san in mutum ya yi kuskure yankewa ake yi a maimaita, nan kuwa mutum ashirin da wani abu bisa dandamali, kowa ya san inda ƙafarshi za ta sauka, wagga ta juya wancan ya cafe ta, ba wanda ya yi karo da wani, ba wanda ya tsaya tunanin abin da zai ce. Kowane da ɗan makirufo siriri manne a kumatu, da farko na ɗauka tabo ne. In za a canza wuri sai haske ya ɗauke, ka ji ɗan motsi kaɗan, kafin ka ƙirga goma haske ya dawo ɗakin zama ya koma kasuwa. Karo na uku na ƙura ido sosai sai na hango su, wasu samari sanye da baƙaƙen kaya suna tura kayan bisa taya cikin duhu ba takalmi. Wallahi su na fi tausaya ma, duk aikin nan ba wanda ya san fuskarsu.

Akwai inda wata mata ta tsaya ita kaɗai, haske ɗaya tak a kanta, tana waƙar ɗanta da ya tahi bai dawo ba. Ban san kalmomin ba amma ina ganin jijiyar wuyanta ta miƙe, hannunta na rawa bisa zanen da ta riƙe, da ta kai ƙarshe muryar ta ɗan karye ta haɗiye ta ci gaba. Ɗaki ya yi tsit. Ni kuwa jinin gida ya motsa, ban san sanda na zaro 'yan dubu-dubu daga aljihun gaba ba zan miƙe, don a wurinmu in makaɗi ya taɓa ka ba ka zama, tashi kake ka liƙa mashi a goshi kowa ya shaida. Tobashina ya damƙe mani hannu yace cikin raɗa “Zauna don girman Allah, nan ba gidan biki ba ne.” Daga baya ya ƙara mani da cewa ko a gidan bikin ma yanzu a yi hattara, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi da naira, hukuncin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun, kuma a cikin 2024 ɗin nan kotu a Legas ta ɗaure wani sananne wata shida a kan haka. Na mayar da kuɗina. Amma har yanzu ina ganin tafi kaɗai bai biya matar nan ba.

To ana cikin wanga shirun ne abin kunya ya same ni. Ashe sa waya a shiru bai hana manhajar kiran sallah aiki. La'asar ta yi, sai ga Allahu Akbar daga aljihuna da iyakar ƙarfin lasifika. Na rikice, aljihun shadda ga zurfi, wayar ta shige ƙarƙashin carbi da makullai, kafin in kamo ta ladan ya kusa kai shahada, kawuna sun juyo daga layi uku. Na so ƙasa ta tsage. Wata dattijuwa Bayarba da ke gefena, da ɗaurin kallabinta ƙato, ta taɓo ni tana murmushi ta ce da Hausarta mai gargada “Alhaji ba komai, ka sa mu a addu'a.” Lokacin hutun rabin wasa take gaya mani ta yi shekaru a Kaduna, har ta miƙo mani gugguru. Masu wasan kuwa ko gezau, ko ƙifta ido ba wanda ya yi. In za ku je, kashe wayar gaba ɗaya, ba shiru ba.

Abu ɗaya da bai kwanta mani ba shi ne zaman. Awa biyu da wani abu kana manne da kujera, ba ka ce ma na kusa da kai “ka gani?” ba, ba kirari, ba shewa sai inda kowa ya yi. Wanda ya taɓa tsayawa filin dambe sanda anka yi kisa, ƙura ta tashi, makaɗa sunka ɓarke, mutane na tsalle bisa juna, zai ji kamar an ɗaure shi. Sai dai kuma na tambayi kaina yaushe rabon da in ga wasan kwaikwayo da idona a gida, sai na tarar tun na sakandare ranar ba da kyaututtuka, wanda munka yi da labulen zanen gado. Manyan ɗakunan taro muna da su, amma biki da siyasa sun cinye.

Da anka gama duk sunka fito sunka jeru sunka duƙa, mutane sunka miƙe tsaye ana tafi, nan dai na samu na saki murya. Muna fita na ce sallah tukuna. A layin baya munka samu wani maigadi, ina yi mashi sallama ya amsa na ji harshen gida, ashe mutumin Gwadabawa ne, ya ba mu buta ya shimfiɗa mana kwali, ya tambaye ni ko an fara sanyi can.

Komawa ita ce wahalar gaske. Kuɗin motar waya ya ninka saboda kowa ya fito lokaci guda, sai munka lallaɓa zuwa Marina neman bas. Da na ji sunan na yi dariya nace ashe ku ma kuna da Marina, ina karofin? Tasu bakin ruwa ce da dogayen benaye, ba wanda ya taɓa rina ko ƙyalle. Ta gadar Eko munka fita, daga nan tobashina ya nuna mani babban gidan wasan ƙasa na Iganmu, mai siffar hular soja, wanda anka gama a 1976 don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977. Lokacin ana kan gyaranshi, kuma a shekarar anka sa mashi sunan marubuci Wole Soyinka. Daga nesa kawai na gan shi. Sai wajen goma da rabi munka shiga Agege, wato awa goma sha biyu da ɗoriya saboda wasan awa biyu.

Na ce na tuba, amma ranar Alhamis ya sake jana, wai wanga kusa ne kuma ba ruwanshi da imel. New Afrika Shrine, a Agidingbi cikin Ikeja, wurin da 'ya'yan mawaƙi Fela wanda ya rasu a 1997, wato Femi da Yeni, sunka gina bayan rasuwar ubansu, har shugaban Faransa Macron ya je a 2018. Ƙaton rumfa ne kamar sito, kujerun roba, hotuna a bango, mutane na shiga suna fita suna ci suna sha, kowa da abin da ya kai shi. Wurin dare ne, ba zan ɓoye maku ba, ni dai lemo na riƙe na samu gefe kusa da ƙofa, kuma in Kawu ya tambaya ban je ba.

Amma kiɗan, jama'a. Masu busa a jere, masu ganga, jita, ƙarar na dukan ƙirji ba kunne ba. Can Femi ya ɗauki abin busarshi ya kama sauti guda ya riƙe, ya riƙe, ina jiran ya tsaya ya ja numfashi bai tsaya ba. Na matsa gaba na dubi fuskarshi, kumatu na cika suna saki, hanci na aiki, sai na ce kai, ai wanga salon masu algaita ne! Haka suke yi ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan sallah, su tara iska a kumatu suna turawa suna shaƙar wata ta hanci, sauti bai yankewa. Tun ina yaro bisa wuyan Baffa nake kallon kumatun nan. Na kama tobashina ina yi mashi ihu a kunne ina bayani, shi bai ma ji mi nake cewa ba. A nan ba mai hana ka motsi, na yi kuwwa har muryata ta dushe, ƙarfe 11 na ce mu tahi tun ana samun mota.

Kuɗin albasa sun fito ranar Litinin, ba duka ba, wanga wani labarin ne. Kuɗin tikitina na farko kuwa sai da na je reshen banki da kaina bayan na dawo, na cike fom, anka ce in jira kwanakin aiki. Har na cire rai. Shekaranjiya da dare muna zaune wurin mai shayi sai alat ya shigo, cif ba ragi. Na yi kuskuren faɗa da ƙarfi, nan take majalisa ta ce ai kuɗin da anka yafe ne, kowa ya ƙara ƙwai biyu a indomi, har da wanda bai taɓa bari na kai ƙarshen labarin ba.